Yadda Ake Ɗinka Duwatsu da Sikwin da Hannu Su Zauna Daram

Da yawa daga abayoyi da mayafan da ake shigo mana da su Nima da Mamobi, a nan Akra, adon jikinsu ba ya jimawa. Wasu duwatsun da gam aka manna su, an danna da ƙarfe mai zafi, bayan 'yan wanke-wanke sai su fara faɗuwa su bar tabo. Waɗanda aka ɗinka kuwa galibi ɗinkin sarƙa ne da zare guda, tun daga kafaɗa har ƙasa. Ranar da zaren ya maƙale a ƙofar mota ya tsinke, layin gaba ɗaya zai warware. Abin da aikin hannu ya fi su da shi shi ne ke ce mai ɗaure zarenki, a inda kika so, sau nawa kika so. Mai yawan ƙulli a bayan yadi, ko zarenta ya tsinke, dutse uku ko huɗu kawai za ta rasa.

Zan ɗauki misalin wuyan baƙar abaya marar ado, mu sa mata fure da reshe. Da mata nake magana don su suka fi yi, amma yaran shagon tela ma hanya ɗaya ce.

Sayayya

A kasuwar Makola, wajen masu kayan teloli, inda ake sayar da zare da zif da maɓallai, nan za ki samu kusan duk abin da kike bukata. Ƙananan duwatsun gilashi da lamba ake rarrabe su, kuma lambar a juye take: idan ta yi sama, dutsen ya ƙanƙance. Lamba 11 faɗinta wajen milimita 2 ne, lamba 8 wajen 3, lamba 6 wajen 4. Don wuyan riga, 11 ce uwar aiki, 8 da 6 sai a tsakiyar fure ko inda ake son ido ya tsaya. Akwai kuma dogayen nan masu rami kamar bututu, sai sikwin, 'yan faya-fayan roba masu walƙiya, wasu a shimfiɗe wasu da ɗan zurfi a tsakiya. Mai faɗin milimita 4 zuwa 6 ya ishe ki.

Ba kowace mai sayarwa ce ke kiran su da lamba ba, yawanci a 'yar leda ake ƙulla su ko a jera su a zare. Saboda haka ki tafi da allurarki, da zare a cikinta. Ki ce, "Hajiya, a ba ni guda biyar in gwada." In allurar ta wuce cikin dutsen sau biyu ba ta cije ba, ya yi. In tun a karo na farko ta tsaya, ki bar shi komai kyansa, domin ɗinkin da za mu yi sai zare ya ratsa dutse ɗaya sau biyu, wani lokacin uku.

Na Japan, irin su Miyuki da Toho, su ne suka fi daidaito, kowane dutse girman ɗan'uwansa. Na ƙasar Cek, irin Preciosa, suna biye da su. Masu araha da suka cika kasuwa kuwa za ki tarar wani siriri, wani kakkaura, wani raminsa a toshe. Ana iya aiki da su, ni ma ina yi, amma sai kin zauna kin tsince, kin ware karkatattun gefe guda. Inda araha ba ta ado shi ne wajen launi. Akwai dutsen da launinsa a cikin gilashin yake, akwai wanda shafa masa aka yi a sama, musamman ruwan hoda da shunayya da masu ruwan zinare ko azurfa. Ki ɗebi kaɗan ki jiƙa a ruwan sabulu su kwana, da safe ki murza su a farin ƙyalle. In ƙyallen ya kama launi, rigarki ma za ta kama. Ki kuma ɗiga musu turaren da kike fesawa ki gani, don mu mutanen Zango ba ma wasa da turare, shi kuwa turaren fesawa yana cin shafen wasu duwatsun.

Ki sayi fiye da abin da kike zaton zai ishe ki. In ya ƙare kika koma bayan mako biyu, da wuya ki samu launin ya zo daidai da na farko.

Wata hanyar samun kaya masu kyau ita ce kasuwar Kantamanto. Rigunan fita na gwanjo da suka yage ko suka yi tabo, waɗanda ba mai sa su, sau da yawa cike suke da duwatsu da sikwin masu nagarta. Ki saya, ki zauna da almakashi ki kwance su, ki wanke a rariya.

Allura, zare, da wurin zama

Allurar duwatsu doguwa ce siririya, kuma kunnenta bai fi jikinta kauri ba. Lamba 10 ta dace da mai koyo. Lamba 12 ta fi siranta, sai dai saurin lanƙwasa gare ta, sa mata zare kuma aiki ne. Ki sayi fakiti guda, don za su karye.

Zaren keke na foliyesta mai kyau, a ninka shi biyu, shi nake zaɓa. Na auduga zalla gumi na cinye shi, gumi kuwa a Akra ba a rasa shi. Zaren roba marar launi, irin na masu kamun kifi, mutane na son sa don ba a ganinsa, amma ƙullinsa na zamewa, dutsen guga na narkar da shi, bakinsa kuma yana sukar fata. Ki bar shi wa masu sarƙar wuya. Launin zare ya bi launin yadi in duwatsu za ki warwatsa, ya bi launin sikwin in sikwin za ki jera. Dutse mai garai-garai kuwa yana nuna zaren da ke cikinsa, baƙin zare zai dusashe shi, fari zai haska shi.

Ki samu ɗan kakin zuma. Jan zare a kansa sau biyu yana hana shi harɗewa da tsattsagewa.

Ki shimfiɗa ƙaramin tawul a faranti ki zuba duwatsun a kai kaɗan-kaɗan. Ba sa gangarewa a kan tawul, kuma da bakin allura za ki riƙa tsintar su, ba da yatsu ba. Ki zauna inda hasken rana ke shigowa. Baƙin dutse a kan baƙin yadi da dare, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, wahalar da ido ne kawai. Kuma in akwai mai rarrafe a gidan, farantin nan kada ya sauka ƙasa. Yaro na ganin abu mai ƙyalli baki zai kai, ko hanci.

Shirya yadi

In rigar sabuwa ce, ki wanke ta ki goge tukuna. Yadin da zai tsuke ya tsuke tun yanzu, kada ya bari sai kin gama aiki ya tattare miki shi.

Yadin abaya laushi gare shi, ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Ki nemi farin yadin nan mai gam da teloli ke mannawa a cikin kwala, marar kauri, akwai baƙinsa ma, ki manna a bayan wurin da za ki yi wa ado. Sannan ki ɗaura wurin a firam, zoben katakon nan biyu da ake matse yadi a tsakaninsu. Ya miƙe, amma kada ki ja shi har saƙarsa ta buɗe, in ba haka ba ranar da kika cire firam ɗin yadin zai koma, duwatsu su hau juna. Ki nemi firam da zai ɗauke zanen gaba ɗaya, domin matsar da shi kan inda aka riga aka ɗinka yana fasa duwatsu. Karan-miski kuwa firam na bar masa shaida, gara ki riƙe shi a hannu.

Kafin ki yi zane, ki sa rigar ki tsaya gaban madubi ki lura da inda ado bai kamata ya je ba. Hammata da gefen ƙugu, inda hannu ke gogawa. Kafaɗar da kike rataya jaka. Mazauni da gwiwa, don za ki zauna, za ki yi salla. Mai goyo ta bar bayan riga fayau, fuskar jariri a nan take kwanciya.

A kan baƙin yadi, allin tela ko guntun sabulun da ya sirance ya bushe yana fitar da layi siriri, kuma ruwa na ɗauke shi. Biro kam a'a. Ki ninka wuyan biyu ki sa alama a tsakiya, daga nan za ki fara, ki yi dama kaɗan ki yi hagu kaɗan. Mai gama gefe ɗaya kafin ta taɓa ɗayan takan tarar hannunta ya canja a hanya, ɓangarorin sun ƙi kama da juna. Zanen kuma ya zama mai sauƙi: da'ira ƙarama a tsakiya, ganyen fure biyar ko shida, reshe mai lanƙwasa ta kowane gefe.

Duk ɗinkin da ke tafe, ki fara gwada shi a guntun yadi irin na rigar.

Kafa zare

Ki yanko zare kamu biyu, ki zura a allura, ki haɗa bakunan ki ƙulla, ya zama kamu ɗaya a ninke. Wanda ya fi haka tsawo harɗewa yake yi. Ƙulli shi kaɗai yakan zame ta cikin saƙar yadi mai laushi, don haka ga dabara: daga baya, ki ɗan tsinci yadin da allura, ki ja har ƙullin ya kusa isowa, sai ki zura allurar tsakanin zaren biyu dab da ƙullin, ki ja. Ya kulle kansa ke nan.

Reshe: ɗinkin koma-baya

Wannan shi ne ɗinkin da in kin iya shi kin iya rabin sana'ar, don haka mu bi shi a hankali.

Ki fito da allura a farkon layin. Ki ɗauki duwatsu huɗu lamba 11, ki gangaro da su har su taɓa yadi, ki kwantar da su a kan layin zanen. Da farcen babban yatsa ki ɗan tura su baya su haɗu, ba matsewa ba, su dai taɓa juna. Yanzu ki soka allura ƙasa daidai inda dutse na huɗu ya ƙare, a tsaye cak, kada ta karkata. Nan ne ake kuskure. In kika soka ta ciki, ƙarƙashin dutsen, wurin ya yi musu kaɗan, sai layin ya yi tozo. In kika soka da nisa, zare ya fito fili, duwatsun su riƙa yawo a kansa.

Daga ƙasa, ki koma baya ki fito tsakanin dutse na biyu da na uku. Ki kula kada allurar ta tsaga zaren da ke wurin. Ki zura ta cikin na uku da na huɗu, ki ja. Zarenki yanzu yana fitowa daga bakin dutse na ƙarshe. Ki ɗauki wasu huɗun, ki maimaita. Wato kowane rukuni an ɗaure shi da yadi sau biyu, an kuma sarƙe shi da na gabansa.

Inda reshen ya lanƙwasa sosai, ki rage zuwa biyu-biyu, kina komawa ta cikin na ƙarshe kawai. Huɗu a kan kwana suna miƙewa ne su bar layin.

Bayan kowane rukuni uku, ki juya firam ɗin. Ki zura allura ƙarƙashin ɗinkin da ya fi kusa, ki bar ɗan zobe, ki ratsa zoben sau biyu, ki ja ya kwanta a jikin yadi. Ba yankewa za ki yi ba, ci gaba za ki yi da zaren nan. Na san yana cin lokaci, kuma ba wanda zai gani ya yaba miki. Ki yi shi duk da haka, ki maida shi al'adar hannu har ki daina lura kina yi.

In kin kai ƙarshen reshen kika ga layin yana ɗan karkace-karkace, ki zura zare ta cikin dukkan duwatsun daga ƙarshe zuwa farko, ki ja a hankali. Za ki ga sun daidaita. Dalilin gwajin allurar nan na kasuwa ke nan.

Dogayen duwatsu suna kyau a matsayin ƙananan ganyaye a jikin reshe, sai dai bakinsu kaifi gare shi, yana yanka zare sannu a hankali. Ki sa ƙaramin dutse ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, zaren ya lanƙwasa a kan mai santsi. Wanda bakinsa ya ɓantare, ki jefar.

Fure: sikwin

Hanya biyu ce. Ta farko don sikwin guda: ki fito da allura ta ramin sikwin, ki ɗauki ƙaramin dutse, sannan ki koma ƙasa ta ramin sikwin ɗin, ba ta cikin dutsen ba. Dutsen zai zauna a kai ya danne shi, ba a ganin zare ko kaɗan. Sai dai dutsen ya fi ramin girma, in ba haka ba zai faɗa ciki. Mai zurfi, zurfin ya dubi sama, ya fi kama haske.

Ta biyu don jere, kuma da ita za mu yi ganyen furen. Ki fara daga bakin ganyen na waje, kina tahowa tsakiya. Ki fito ta ramin sikwin na farko, ki kwantar da shi, ki soka ƙasa dab da gefensa ta wajen da kika nufa. Ki sake fitowa kusa-kusa da inda kika soka, tazarar zaren yadi ɗaya ko biyu. Ki zura sikwin na biyu. Rabinsa zai hau kan na farko ya rufe zaren, yadda kwanon rufi ke hawa kan ɗan'uwansa. Uku ko huɗu sun isa ganye ɗaya. Ki ƙulla a baya kafin ki wuce ganye na gaba, kowane ganye da ƙullinsa.

Tsakiyar furen ita ce ƙarshe, don ta rufe bakin ganyayen. Ki sa dutse lamba 6 ko ɗan lu'ulu'un roba, ki ratsa shi sau uku, sannan ki kewaye shi da lamba 11 biyu-biyu da ɗinkin koma-baya.

In kina son yayyafi a kewayen furen, dutse ɗai-ɗai nan da can, kowanne ki ratsa shi sau biyu. In tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inci ɗaya, ki ƙulla kafin ki tsallaka, kuma kada ki ja zaren tsallaken ya yi tauri, zai tattaro yadin. Kada yayyafin ya yi yawa. Sau da yawa a wajen biki nakan ga wuyan riga an cika shi dam har ba a gane furen daga reshen, alhali baƙin yadin da aka bari fili shi ke fito da aikin.

Idan zare ya rage kamar tsawon yatsa biyu, ki tsaya. Ki ƙulla sau biyu a wurare daban, ki zura sauran ƙarƙashin ɗinkunan baya, sannan ki yanke. Da kin gama duka, ki yanko shafi mai laushi ki ɗinke shi da hannu a bayan aikin. Yana hana ƙulle-ƙullen cizon fata, yana kuma tare gumi.

Mayafi da jaka

Shifon ba ya son nauyi. Ki tsaya a lamba 11 da ƙaramin sikwin, kuma ki yi aikin a kan kalmasa, inda yadin yake ninki biyu, zaren ya riƙa tafiya a ɓoye cikin ninkin. In geza kike so a bakuna biyu na mayafin, ki fito a gefen kalmasa, ki ɗauki duwatsu takwas ko goma, ki tsallake na ƙarshe, ki koma sama ta cikin sauran, ki ƙulla, ki matsa gaba. Kada ki ja da ƙarfi, geza mai tauri ba ta lilo. Wurin da ke sauka a goshi ki bar shi haka, saboda sujada.

Jaka kuwa ita ce wurin manyan duwatsun ƙasar nan ta Gana. Mutanen Krobo, wajen Odumase da Somanya, suna daka kwalabe su zama gari, su zuba a 'yan ramukan da aka yi a yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya su gasa. Karan ya ƙone ya bar rami. Ana samun su a Akra, amma mai son zaɓi ta je Koforidua ranar Alhamis, ranar kasuwar duwatsu. Nauyi gare su, cikin raminsu kuma da kaushi, don haka ki wanke su, ki yi amfani da zare mai kauri ninki huɗu, a kan jakar atamfa ko shadda da aka sa wa abu mai tauri a ciki. Tunda raminsu babba ne, ki tsayar da dutsen ramin na duban sama, ki danne shi da lamba 6 yadda kika yi wa sikwin. Biyar ko bakwai a murfin jaka sun wadatar. Na ga masu haɗa su da yayin biki, launin dutsen ya ɗauko launi ɗaya daga cikin atamfar, kuma abin na yin kyau ƙwarai.

Wanki da ajiya

Ki juya rigar ciki waje, ki wanke da hannu a ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi. Ba cuɗa a wurin adon, ba bilic, ba matsewa da murɗawa. Ki naɗe ta a tawul ya tsotse ruwan, ki shanya a shimfiɗe a inuwa. In za ki bayar da wanki, ki faɗa wa mai wankin da bakinki, kada ki ɗauka zai lura. Guga daga baya ake yi, a kife adon a kan tawul mai kauri, wuta kaɗan. Sikwin roba ne, zafi na nannaɗe shi, kuma in ya nannaɗe sai dai a cire a sa wani. Turare ki fesa a jiki ya bushe kafin ki sa rigar.

Riga mai nauyin ado a ninke ake ajiye ta, rataya na ja mata kafaɗa. Allurai kuma iskar teku da laimar damina na sa su tsatsa da wuri, allura mai tsatsa kuwa tana bar wa farin yadi tabo. Ki zuba su a 'yar kwalba mai murfi da ɗan hoda a ciki. Ragowar duwatsu da sikwin na kowace riga ki ƙulla su a leda daban, ki jefa guntun yadin rigar da ɗan zarenta a ciki, don ki san na wace ce ranar da gyara ya taso.